Muciyar da Na Aro a Shisha

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wani baƙo daga Jidda ya zauna a falon Khala Hawwa, ya zaro farar safar hannu ya saka kamar likitan da zai yi fiɗa, ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa riƙe da tiren gahawa, ina roƙon Allah a zuci ya tsaga ƙasar unguwar Shisha in shige. Shekaru sun ja, amma ko yau in na ɗora tukunyar tuwo sai na ji kunnuwana sun yi ɗumi. Bari in faro muku daga tushe, don ku auna da kanku ko wauta ce ta ja mini ko yawan tsabta.

Aure ne ya kai ni Makka. Maigidana, wanda nake kira Malam, yana karatun addini a can, sai ya ɗauko ni daga Kano da 'yar jaririyarmu Hafsa. Lokacin ana ta faɗaɗa Harami, ko'ina ka ɗaga kai sai ƙarafunan gini. Muna haya a Aziziyya, kuma duk wanda ya zauna Aziziyya ya san ƙa'idarta: gidan naka ne har Hajji ya matso. Da watan Zulƙida ya kama mai gida zai ƙwanƙwasa ƙofa cikin fara'a, ya tambayi lafiyar yara, sannan ya tuna muku cewa alhazai sun kusa sauka. Sai ku naɗe katifa ku nemi inda za ku raɓe har baƙin Allah su watse. Ba wanda ke jin haushi. Kowa haka yake yi.

A waccan shekarar Allah ya haɗa mu da Khala Hawwa a unguwar Shisha. Tsohuwa ce 'yar asalin Sakkwato, ko da yake ba ta taɓa ganin Sakkwaton ba. Kakanta ne ya taho da ƙafa ta Sudan, ita a Makka aka haife ta. Hausarta irin ta mutanen da ce, sai ta yi maka "wanga" da "ɗiyata", can kuma ta zarce da Larabcin Hijaz ba tare da ta san ta sauya ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da ɗa ɗaya, Faisal, mai tuƙa tasi, wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ta faɗa ba. Ta ba mu ɗakin marigayin ta ce mu zauna, ta hana Malam ya ko ɗaga zancen haya.

Abu ɗaya ne ke damun Khala: yanar ido ce ta rufe mata gani. Tana ganin haske, tana ganin giftawar mutum, amma Alƙur'aninta da ta saba buɗewa kowace safiya ya koma mata farin allo. Sai ka gan ta bayan asuba ta ɗora shi a cinya tana shafa shafin da tafin hannu. Likita ya ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci. Tasin Faisal ba ta iya ɗaukar nauyin aikin. Amma Khala hankalinta kwance yake, don ta ce akwai ajiyar Abu Faisal, wato marigayi mijinta, da an sayar da ita magana ta ƙare.

Labarin ajiyar nan na ji shi ya fi a ƙirga. A zamanin da, kafin kekunan tura marasa lafiya su yawaita, ƙarfafan Hausawa ne ke ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya a kan wani gadon katako, su ɗora a ka su yi musu ɗawafi. Abu Faisal yana cikinsu. Wata shekara ya ɗauki mahaifiyar wani shahararren ɗan fim na Masar (ba zan kama sunansa ba, ya rasu, Allah ya gafarta mana da shi), ya yi mata hidima kamar uwarsa. Da za su koma, ɗan fim ɗin ya kira shi masaukinsa a Jidda, ya ce daga wannan Hajjin ya bar zaman gidajen wasa, ya ɗauko abin da ya fi so cikin kayansa ya ba shi.

To a nan ne laifina na farko yake. Duk sanda Khala ta zo daidai wurin nan, ni da na ji an ce "ɗan fim" sai in tsuke baki in ce astagfirullah a hankali, in karkatar da hirar zuwa wani abu. Ina ganin kaina wata babbar mai tsoron Allah. Ban taɓa cewa, "Khala, wai mene ne abin?" ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa agogon zinariya ne ko zobe, yana can ƙulle a ƙasan akwatinta. (Da na bar tsohuwa ta ƙarasa labarinta ko sau ɗaya, da yau ba ni da abin rubutawa.)

A ƙarƙashin matattakalar gidan akwai wani ɗan ɗakin shirgi. Shekara da shekaru Khala tana saukar alhazai, kowa ya tafi ya bar wani abu: lema, buta, tabarma, takalmi ƙafa ɗaya, jarkar zamzam da aka hana shiga jirgi da ita. Ranar da muka tare ta kama hannuna ta kai ni bakin ɗakin ta ce, "Ɗiyata, duk abin da kinka gani nan ciki kina so, ɗauki. Halal ne. Kada ki tambaye ni." Ku riƙe wannan magana da kyau, don ita ce kaɗai hujjata duniya da lahira. Abin da ni da ita ba mu sani ba shi ne, da Faisal zai gyara mana ɗakin babansa, ya kwashe duk abin da ke ƙarƙashin gado ya jibge a ɗakin shirgin nan, bai gaya wa kowa ba.

Alhazai suka fara sauka. Malam ya samu aikin rakiyar alhazan Nijeriya, yana fassara musu yana nuna musu hanya. Ba a yi nisa ba suka fara yi masa kukan abinci. Shinkafa da kaza safe da rana da dare, har wani dattijo daga Ɗambatta ya ce in ya sake ganin cinyar kaza zai yi cara. Malam ya ce, "Maman Hafsa, ko za ki taimaka musu da tuwo?" Na ce me zai hana, ga lada ga ɗan abin sayen sabulu. Ina da kuka da daddawa da na ƙullo daga gida, shinkafar Masar kuwa in ta sha wuta ta fi kowace shinkafa yin tuwo.

Wata rana da hantsi, tukunya babba tana kan wuta, shinkafa ta nuna ta yi luguf, alhazai suna jiran abincin rana, na danna muciyata zan fara tuƙi sai na ji ƙas. Ta karye gida biyu. Muciyar da na zo da ita tun daga Kano cikin kayan aurena. Wadda ta san tuwo ta san ba ya jiran kowa. In ka ba shi baya ya kama, ya yi gudaji, ya kunyata ka. Na gwada ludayi ya lanƙwashe. A Makka kuwa ba ka shiga kanti ka ce a ba ka muciya, sai su yi ta kallonka.

Na rage wuta na ruga ɗakin shirgi. Ina ta ture lemomi sai hannuna ya faɗa kan wani dogon akwati siriri, fatarsa ta tsattsage, ƙura ta lulluɓe shi. Na buɗe. Sanduna biyu ne kwance a kan jan ƙyalle. Ɗaya siririya mai tsini, ɗaya mai kauri, gindinta ya fi kanta faɗi, tsawonta daidai hannu. Na ɗaga mai kaurin na jinjina ta. Wallahi ko masassaƙin muciya na ba wa kwangila ba zai fi haka ba. Na ce Alhamdulillah, Allah ba ya barin mai ciyar da baƙinsa.

Sai dai dauɗa! Tsakiyarta an naɗe da wani zare da ya yi baƙi ƙirin da maiƙon hannu. Can wajen gindi wani ya yi zane-zane da alƙalami, na ce oh, yaran alhazai ba sa barin komai. A ƙarshenta kuma akwai wata 'yar baƙar roba da ta bushe. Ni kuwa in akwai abin da mahaifiyata ta dasa mini, shi ne ba a sa ƙazanta a abincin mutane, balle alhazai. Na ɗauki wuƙa na farke zaren na warware shi na jefa a shara. Na ɓamɓare robar, ta bar ɗan rami. Na samo soson ƙarfe da ruwan zafi da ɗan bilic, na durƙusa na dirje ta. Zanen nan ya yi mini taurin kai, na ce ni da kai ne. Sai da na ga farin itace tas, sannan na ɗauraye, na yi bisimilla na tsoma ta a tukunya.

Jama'a, ban taɓa tuƙa tuwo irin na ranar nan ba. Sandar tana da wani nauyi a gindi da ke yi maka rabin aikin. Tuwo ya fito sumul, ba gudaji ko ɗaya. Na zuba wa Khala malmala guda da miyar kuka. Ta kai loma, sannan ta ce, "Ya binti, wanga tuwo ya yi. Hannunki ya faɗa yau." Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u na ce, "Ikon Allah ne, Khala." Duk kwanakin Hajjin nan da ita na yi ta tuƙi. Da wata hajiya 'yar Kano za ta koma ta bar mini muciyarta, sai na wanke ta aron nan, na shafe ta da man zaitun, na mayar da ita akwatinta kusa da 'yar'uwarta, na rufe. Ni ba na ɗaukar abu in ƙi mayarwa inda na same shi. Har yaba wa kaina na yi.

Hajji ya wuce, hanyoyi suka buɗe. Muna shirin komawa Aziziyya sai Khala ta ce mu dakata, mai sayen ajiyar Abu Faisal zai zo daga Jidda, tana so Malam ya zauna a matsayin shaida. Ashe tun kafin Hajji Faisal ya ɗauki hotunan abin ya aika wa mutumin, shi kuma ya ce kada a nuna wa kowa, yana tafe da zarar an buɗe hanya. Murna ta kama ni. Na share falo, na turara shi, na dafa gahawa da hel, ɗan kayan ƙamshin da Larabawa ke sa mata, na jera dabino. Khala ta sa sabon mayafi tana ta cewa, "Insha Allahu Ramadan mai zuwa da idona zan yi sauka."

Bayan la'asar baƙon ya iso. Ustaz Nabil sunansa, wani siririn mutum mai furfura a gefen kai, yana ƙamshin turare mai tsada. Sana'arsa ke nan, sayen tsofaffin kayan shahararrun mutane: agogo, alƙalami, tabarau, duk abin da wani sananne ya taɓa riƙewa. Na saka niƙabina na tsaya bakin ƙofa da tire ina jiran Malam ya karɓa. Larabcina a lokacin na kasuwa ne, amma Malam yana maimaita wa Khala maganar da Hausa saboda kunnenta, don haka ba abin da ya wuce ni.

Ustaz Nabil ya ce wa Faisal kada ya yi gaggawar ɗaukowa, yana so Hajiya ta fahimci abin da ke hannunta. Ya ce sandar bilyardo ce, wasan nan da mu a gida ake kira sunuka, na tebur mai koren ƙyalle da ake zungurar ƙwallaye. Ya ce gida biyu take, ana ɗaura ta da juna.

Na gyara riƙon tire. Sanda. Gida biyu. Na ce kai, sanduna ai suna da yawa a duniya.

"Itacen kansa mai kyau ne," in ji shi, "amma itace ba shi ake saye ba. Hannun da ya riƙe shi ake saye. Na ga hotunan. Zaren riƙon na asali ne, ya yi baƙi da gumin hannun mutumin. Wannan baƙin, ya Hajja, shi ne kuɗin. Jahili ne kawai zai wanke shi."

Na tuno wuƙata da kwandon shara.

"Robar gindin ma ta asali ce, ba a yin irinta yanzu. Sannan babban abin," ya ɗaga yatsa, "sa hannunsa. Da alƙalaminsa, a gindin sandar. Na gwada shi da wanda ke jikin tsofaffin hotunansa, shi ne. Akwai mai jiran ta a Kuwait, ko ciniki ba zai yi ba. Aikin idanu biyu da canji."

Khala ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Abu Faisal."

Faisal ya tashi. Na zuba masa ido ina addu'a ya nufi ɗakin uwarsa. Ya wuce ɗakin uwarsa. Ya nufi ƙarƙashin matattakala. Na ji ƙarar lemomi suna zubewa. Ya dawo yana busa ƙura daga kan dogon akwatin nan mai tsattsagaggiyar fata.

Na so in yi magana, wallahi na so. Amma wata zuciyar cewa take wataƙila ba zai lura ba. (Ku ji fa. Mutumin da ya taso daga Jidda da gilashin ƙara girman abu a aljihu.)

A nan ne ya saka farar safar hannun. Ya buɗe akwatin a hankali. Ya ɗauko siririyar ya duba ya gyaɗa kai. Ya ɗauko mai kaurin. Fara tas, tana sheƙin man zaitun, gindinta ya ɗan yi laushi ya yi gashi-gashi irin na muciyar da ta ga aiki. Ya juya ta. Ya sake juya ta. Ya zaro wayarsa ya kalli hoto, ya kalli sanda, ya kalli Faisal.

"Ina zaren?"

Faisal ya ce, "Wallahi yana nan."

"Ina sa hannun?"

Faisal ya fizge sandar ya kai ta bakin taga, ya shiga rantsuwa da Larabci, yana cewa an sauya ta, alhazai sun yi musu sata, zai kira 'yan sanda. Malam yana ba shi haƙuri. Khala tana ta juya kai tana tambaya, "Mi ya faru? Ku gaya mini mi ya faru!" Ustaz Nabil ya karɓi sandar ya ce a'a, ita ce, ga zoben ƙarfen da ake ɗaura ta nan bai sauya ba. Ya kafa gilashinsa a ramin da na cire robar. Ya ɗauko ɗan hantsaki ya zura. Ya zaƙulo wani farin abu busasshe kamar tsakuwa, ya ɗaga shi sama.

"Ish hada?" Wato mene ne wannan.

Faisal ya ce ƙila allin da ake goga wa kan sanda ne. Ustaz ya ce alli shuɗi ne, kuma ba a gindi ake sa shi ba. Malam ya leƙa, na ga ƙeyarsa ta ɗan motsa kamar zai waiwayo ya fasa. Khala ta miƙa hannu ta ce a ba ta. Aka ɗora mata a tafi. Ta murza shi da yatsu, ta kai hanci, sannan ta ɗora a kan harshe.



"Tuwo ne," in ji ta. "Na shinkafar Masar." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, ita da ba ta gani. "Kuma na san hannun da ya tuƙa shi."

Rahamar da Allah ya yi mini a ranar ɗaya ce: niƙabi. Ba don shi ba da sun ga fuskar da ba ta da sauran jini. Na ajiye tiren a ƙasa tun kafin ya faɗi da kansa, na durƙusa na ce, "Ni ce, Khala. Muciyata ce ta karye."

Ustaz Nabil ya tambayi Malam me na ce. Malam ya rasa Larabcin muciya. Duk karatun da ya yi, littattafan fiƙihu ba su zo da ita ba. Ya yi ta kame-kame, "sanda ce ta... ta abinci." Mutumin bai gane ba. Ni kuma, don in taimaka, sai na miƙe na kama iska da hannu biyu na shiga gwada masa yadda ake tuƙin tuwo, har da ɗan karkata kugu. A gaban baƙo. A gaban mijina. Sai da na ga Malam ya rufe idonsa na tsaya.

Da ma a nan na yi shiru. Amma na ga kamar suna zargin na sa ƙazamin abu a abincin alhazai, sai na tattaro ɗan Larabcina na ce da ƙarfi, "Amma na wanke ta sosai!"

Ustaz ya ce, cikin wani irin sanyin murya, "Da me, 'yar'uwa?"

Na ce, "Da soson ƙarfe. Da bilic."

Ya cire safar hannun, yatsa bayan yatsa, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Faisal ya juyo kaina, Hausarsa ta faɗa ta dawo masa gaba ɗaya. "Ke! Ke mahaukaci ne? Idon uwana ki dafa shi a tukunya?" Khala ta daka masa tsawa ta ce ya rufe mata baki, ita ta ce in ɗauki duk abin da na gani, shi kuma uban wa ya aike shi ya kai ajiyar babansa cikin takalman alhazai? Sannan ta fashe da dariya, irin wadda ke girgiza kafaɗu, tana cewa, "Shinkafar Masar da sandar Masar! Shi ya sa tuwon ya yi kyau, 'yan gari ɗaya ne sunka haɗu!" Har Ustaz Nabil sai da ya murmusa. Ni ban ga abin dariya ba.

Hukuncinsa gajere ne. Ba sa hannu, ba zare, mutumin Kuwait ba zai ko kalle ta ba. Ya ce zai iya karɓar akwatin da siririyar sandar don mutunci, ya faɗi abin da ko kuɗin gwajin asibiti bai kai ba. Khala ta ce a'a, ya bar su, ta gode da tahowarsa. Ya sha gahawata kofi ɗaya, ya ce ta yi daɗi, ya tafi.

Duk wannan kunyar mai sauƙi ce a kan wadda ta biyo baya. Da falon ya watse na dawo kwashe kofuna, sai na tarar da Khala ita kaɗai, sandar tana kan cinyarta. Dariyar ta tafi. Yatsunta suna bin tsakiyar itacen suna neman inda zaren yake. Ba ta san na shigo ba. Na ji tana cewa a hankali, "Nan Abu Faisal yake riƙewa in yana ba baƙi labari." Sai a lokacin na gane ba gumin ɗan fim kaɗai na kankare ba. Na tsuguna na kama ƙafarta ina kuka. Ta dafa kaina ta ce, "Khalas, ya wuce, ɗiyata. Alhazai kinka ciyar da ita. Ƙila wanga ne aikin kirki na farko da sandar nan ta taɓa yi."

Ta yafe, amma idon yana nan yadda yake. Na ce wa Malam ni ba zan iya komawa Aziziyya in yi barci ba. Muka yi shawara cewa zan ci gaba da tuwo, duk abin da ya fito na idon Khala ne. Da ta ji, ba ta yi mini kawaici ba. Ta miƙo mini sandar ta ce, "To da wannan za ki tuƙa. Tunda kin sauya mata sana'a, ta yi aikin ta biya."

Ban san wa ya fitar da labarin ba (ina zargin Faisal da fasinjojin tasinsa), amma kafin wata ya ƙare babu gidan Bahaushe daga Shisha har Aziziyya da bai ji ba. Aka sa mini suna Mai Muciyar Ɗan Fim. Matan ɗalibai in mun haɗu a walima sai wata ta ɓoye wayarta ta ce, "Ku adana kayanku, mai wanki ta iso." Masu Umara suka riƙa aikowa a sayo musu "tuwon ɗan fim", wasu har su ce a nuna musu muciyar. Khala kuwa ta zama mai talla. Ta kafa kujera a bakin ƙofa, duk wanda ya zo karɓar kwano sai ta ba shi labarin tun daga ɗawafin Abu Faisal har zuwa soson ƙarfe, ta kuma kwaikwayi yadda aka gaya mata na karkata kugu. Ina cikin kicin ina ji, ina tuƙi, ina haɗiye kunyata.

Ramadan ɗin da ta ci burin yin sauka da idonta ya zo ya same ta a duhu. Wannan ba ni da yadda zan yi in mayar mata. Abin da na iya shi ne kowace safiya in zauna kusa da ita in karanta tana bi, in na yi tuntuɓe ta gyara mini da ka. Sai bayan Hajjin da ya biyo, da tuwo da abin da Faisal ya tara da ɗan taimakon abokan Malam, aka yi mata aikin ido ɗaya. Ɗayan ya ƙara jira.

Ranar da aka cire mata bandeji ina wurin. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta kalli Faisal ta ce ya yi ƙiba. Sannan ta ce, "Ina ɗiyata? Ɗaga wanga ƙyalle in gan ki." Na ɗaga niƙabi. Ta ƙura mini sabon idonta ta daɗe tana kallo.

"Subhanallah," in ji ta. "Ga fuska kamar ta masu hankali."

Sandar tana nan a kicin ɗina har yau, Khala ta ce ta zama tawa. Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne. In tsohuwa ta fara labari, ko na ɗan fim ne, ina zama in ji ƙarshensa, in yi istigfarin daga baya. In kuma na ga abu ya yi baƙi da dauɗa a gidan mutane, sai in naɗe hannuna in tambaya tukuna ko dauɗar ta wani babban mutum ce.